Zuwa ga 'yar yayana, kan gigin tsufan uwar mijinta

Wa alaikumus salam 'yata. Na saurari saƙonki na murya har sau uku, na farkon ma ban gane rabin abin da kike faɗa ba saboda kuka, shi yasa nace bari in zauna in rubuto miki a tsanake, don nasan in na kira ki ni da ke kuka kawai za mu yi ta yi har kati ya ƙare ba a faɗi komai ba. Ya mai jikin? Ya yaran? Allah Ya ƙara afuwa Ya sa kaffara ne.

Abin da na tsinta a maganarki shi ne Hajiya ta shekara biyu tana rikicewa, yanzu har ta kai ta ce kin sace mata kuɗi a gaban baƙi, ta fice ba mayafi sai a bakin titi aka tsinto ta, sallah ma ta cakuɗe mata. Maigidanki yace a ɗauko mai kula da ita a riƙa biya, yayyensa mata suka ce Allah Ya sawwaƙe, uwa mai 'ya'ya 8 a ce bare ke mata wanka, wai al'ada ita ce matar ɗa ta yi, in kuma kin gaza to a riƙa zagayawa da ita gidan kowa wata-wata. Wata a cikinsu kuma tace sammu ne. Kika ce in gaya miki tsakani da Allah me al'adarmu ta ce.

Toh zan gaya miki, amma sai na fara da Inna kakarki, don ni ba a littafi na karanta wannan ciwon ba. Ke kina ƙarama lokacin, abin da za ki iya tunawa bai wuce tana ce miki kishiya tana ɓoye goronta in kin shigo ba. Shekara 7 muka yi muna jinyarta. Kuma da gishiri abin ya fara. Matar da duk unguwa in ana biki ita ake kira ta ɗanɗana miya, sai ga shi yau ta zuba gishiri sau biyu gobe ta manta gaba ɗaya, muka ce tsufa ne. Ta tambaye ki yaushe kika zo ki amsa, kafin ki ninke mayafi ta sake tambaya, muka ce tsufa ne. Ranar da jikina ya yi sanyi ita ce ranar da ta leƙo tsakar gida ta ƙwala wa babanki kira da sunansa na yanka, gatsau, har sau biyu. Kinsan ɗan fari ne, tunda ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ko a bayan idonsa sai dai tace yaron nan ko wancan, in da mutane ko kallon inda yake ba ta yi. Yaya yana alwala butar ta kusa kuɓuce masa. Gidan ya yi tsit, yara suka fara ƙunshe dariya, ni kuwa ɗaki na shige don nasan matar da ta riƙe wannan kunyar shekara hamsin da wani abu ba da gangan ta sake ta ba.

Sai maganar sata, nan ne nake so ki buɗe kunne sosai, don abin da ake miki yau mamanki aka yi wa, kuma ina cikin waɗanda suka yi mata. Inna ta tashi wata safiya tace kuɗin da take ƙullewa a bakin zani babu, kuma matar Yaya ce kaɗai ta shiga ɗakin. Ni Allah Ya yafe min na yarda. Uwata ce, ban taɓa jin ta yi wa wani ƙage ba tunda nake. Bayan sati ta sake cewa an ɗauka, bayan nan ɗan kunne, bayan nan sabulu. Wata uku cur ina amsa gaisuwar mamanki a daƙile, ita kuma baiwar Allah ba ta fasa kai wa Inna kunu da asuba ba. Sai da sallah ta matso za a yi wa ɗakin fenti aka sauke jere, a cikin wata langa ta tsakiya muka tarar da komai, kuɗin a ƙulle a tsumma ƙulli-ƙulli, da ɗan kunnen, da guntayen sabulu, har da ƙosai guda biyu sun bushe sun zama dutse. Ranar na shiga ɗakin mamanki na durƙusa har ƙasa, ni ƙanwar miji da na saba shigowa ina iko, na roƙe ta gafara. Ki tambaye ta, in ta ga dama za ta ba ki labarin, ni dai nasan ba ta taɓa gorantamin ba.

Saboda haka ki sani wanda ya fi kusa shi ake tuhuma, don shi idonta ya fi gani. Ta ajiye ta manta, hankalinta ya nemi dalili, ke ce a gabanta. Kar ki tsaya rantse-rantse kina kawo shaidu, ba kotu ba ce kuma ba za ki ci ba. Ki ce subhanallahi Hajiya zo mu duba tare, ki koyi wuraren ɓuyanta, ƙarƙashin katifa, cikin matashi, aljihun tsohuwar jaka, yawanci wuri uku ne ko huɗu ba sa canzawa. Kuma maigidanki shi ya kamata ya tsaya gaban 'yan uwansa yace matata ba ɓarauniya ba ce ciwo ne, ba ke za ki wanke kanki ba.

Yanzu ga al'adar da kika tambaya. Gaskiya ne Bahaushe ba ya kai tsohonsa gidan gajiyayyu, wannan na wanda ba shi da kowa ne, kuma gaskiya ne matan gida su ke yawancin hidimar. Amma masu ce miki al'ada sun ɗauko rabi sun bar rabi. Gidan kakanmu da na taso na gani gidan gandu ne, matan aure shida a tsakar gida ɗaya, ban da zawarawa da 'yan mata da 'yan riƙo. Tsohuwa tana ɗakinta da ta yi shekara arba'in a ciki ba mai tayar da ita. Mai girki ta ranar ita ke kai mata tuwo, wata ta yi mata wanki, 'yarta ta ciki ta zo daga gidan miji ta yi mata wanka da kitso ta yanke mata farce, a ba ta jika guda mai ɗan wayo ta riƙa kwana da ita tana miƙa mata buta, in ta fita zaure akwai tsofaffi a kan dakali da suka san ta tun tana amarya, za su ce ina zuwa Iya, su juyo da ita cikin wasa. Ko almajirin gidan ya san in ya gan ta a lungu ya riƙo hannunta. Ki ƙirga hannu nawa kenan. Yau an ɗauko wannan aikin na mutum goma sha an jibga wa mace ɗaya a gida mai ɗaki uku da get a kulle, ga goyo ga kai yara makaranta ga aikinta na asibiti ko na ofis ko ma sana'ar cikin gida ce, sannan a ce al'ada. Ni dai ban taɓa ganin inda aka bar mace ɗaya da jinyar tsohuwa dare da rana ba a zamanin da ake cewa na al'adar ne, hannu ɗaya ai ba ya ɗaukar jinka. Kuma ko a da ɗin wankan tsohuwa na 'ya'yanta mata ne kafin matar ɗa, saboda akwai surukuta, tsohuwa mai hankalinta ba ta son matar ɗanta ta ga tsiraicinta. To ina yayyen nasa? Su biyar ne fa in ban manta ba.

Ta fuskar addini kuma wanda aka ce wa kar ya ce wa iyaye ko uffan a Suratul Isra'i aya ta 23 ɗan da aka haifa ne, namiji da mace. Hidimar da kike wa Hajiya kyautatawa ce da neman lada da riƙon zumunci, kuma ina so ki ci gaba da yi iya ƙarfinki don uwar mijinki ce kakar 'ya'yanki, amma ba bashi ba ne a wuyanki. Kuma abin da zai ba ki mamaki, malamanmu na Malikiyya a cikin littafin fiƙihu na Muhtasar sun faɗa ƙarara cewa ɗa mai hali wajibi ne ya ciyar da iyayensa marasa hali har da mai yi musu hidima. Kinga kenan ɗauko mai aiki ba baƙon abu ba ne da Turawa suka kawo. Abin kunyar shi ne a ɗauko ta a sakar mata tsohuwa kowa ya kama gabansa, sai ranar Juma'a a leƙo da ledar lemo a ɗauki hoto. In za ku ɗauka ku nemi babbar mace mai haƙuri wacce ta taɓa jinya, bazawara ko wacce ta aurar da 'ya'yanta, ba yarinya 'yar shekara 12 da aka kawo daga ƙauye ba, wannan zalunci biyu ne. A biya ta da kyau a kan lokaci, a ba ta ranar hutu, kuma a ce wa Hajiya 'yar uwa ce ta zo taya ta zama, kar a ce mai gadinta ce.

Zagayawa da ita wata-wata kuwa, dan Allah ki roƙe su kar su yi. Mun gwada da Inna. Na ɗauko ta na kawo gidana don mamanki ta huta, niyya mai kyau, wallahi kwana tara ta yi ba ta yi barcin kirki ba, ta rasa ina banɗaki yake ta yi fitsari a bayan ƙofa ta zauna tana kuka don kunya, ta ga maigidana tace wane ƙato ne wannan a cikin gidan mutane, kullum kayanta a ƙulle tana jiran mota. Mai wannan ciwon ƙafarta ce ta haddace hanya ba kanta ba, taku nawa daga gado zuwa buta, ina ƙofa ina taga, in kika canza mata wuri kin ƙwace ɗan abin da ya rage mata. Da muka mayar da ita ɗakinta ta shafa bango ta zauna a bakin gadonta ta yi ajiyar zuciya. Daga ranar muka juya tsarin, ita tana nan mu ke zagayawa. Ni Litinin da Alhamis, ƙanwata Talata da Asabar, wanda yake nesa ya aiko da kuɗin magani da pampas, aka rubuta a takarda aka liƙa a bayan ƙofa don kar a yi musu. Haka za ku yi, a rubuta, don alkawarin baki a taron dangi ba ya kwana uku.

Maganar sammu. Mu ma an faɗa mana, har da masu cewa wai maita ce ta fara fitowa tunda tana ambaton matattu tana cewa ta gan su, kinji fa, matar da ta yi saukar Alƙur'ani. Mun sha hayaƙi mun sha rubutu, akwai wanda ya karɓi rago. Ban hana ki addu'a ba, a yi mata tofi da Falaƙi da Nasi a kunna mata karatu, yana kwantar mata da hankali ma sosai. Amma duk wanda zai ce a ɗaure ta ko a dake ta wai aljani ake duka, ko a kai ta wani gida a bar ta, ki tsaya a bakin ƙofa ki hana, ku da kuke Kaduna ai kun ga ɗaruruwan mutanen da aka fito da su daga wani gida a Rigasa a 2019 da mari a ƙafa. Wannan abin Allah da kanSa Ya ambace shi, Suratun Nahli aya ta 70, cewa a cikinku akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani, ya sake zuwa a Suratul Hajji aya ta 5, kuma Annabi SAW yana neman tsari da shi a addu'arsa. Hausawa muka ce gigin tsufa, likitoci suna ce masa dimenshiya, kuma ba kowane tsoho ke yi ba, ga Baffa nan ya haura 90 yana gaya miki kuɗin buhun gero na zamanin Sardauna. Ciwo ne a ƙwaƙwalwa. Mafi yawa irin wanda ake kira Alzaima ne, sunan wani likita Bajamushe da ya fara bayaninsa a 1906, wani kuma hawan jini da suga ne ke lalata ƙananan jijiyoyin jini na kai a hankali, ko ya biyo bayan shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya tace masu shi sun haura miliyan 55 a duniya, kuma wajen kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake ɓatawa a jinyarsu mata ne ke yi, da na ji wannan nace ashe ba mu kaɗai ba ne.

Mu sai da muka ɓata shekara biyu kafin muka kai Inna Asibitin Malam Aminu Kano, don da an ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai dangi su tashi wai za a ce uwarmu ta haukace. Ku kuwa ga asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa nan kusa da ku. Ku je, kuma ke ki bi su don ke kika san abin da ke faruwa da daddare, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ki faɗi komai har fitsarin kwance da zage-zagen. Za su yi mata tambayoyi su auna jini, don akwai abubuwan da ke kama da gigin tsufa alhali suna da magani, ƙarancin sinadarin B12, ciwon maƙoƙo, baƙin ciki mai tsanani, wani ma kunne ne ya toshe ba ya jin abin da ake faɗa. In kuma shi ne, kar su sa rai da warkewa, maganin da ake bayarwa sassauci yake kawowa na wani lokaci. Abu biyu ki riƙe min. Kar wanda ya sayo mata maganin barci a kemis don a huta, yana ƙara rikita su su tashi cikin maye su faɗi su karye a ƙugu. Sannan in kika ga ta birkice farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu fiye da yadda ta saba, ba gigin ne ya ƙaru ba, yawanci wani ciwon ne a ƙasa, maleriya ko ciwon mafitsara ko ƙishirwa musamman a zafin Maris da Afrilu don ba sa tuna su sha ruwa, ko bayan gida ya ƙi fita. A kai ta asibiti a ranar.

Sallah kuma ki kwantar da hankalinki. Hadisi ne sananne cewa an ɗauke alƙalami daga mutum uku, mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Lokacin da take cikin hayyacinta ki tuna mata ki taya ta alwala, lokacin da ba ta ciki ba komai a kanta. Inna takan yi la'asar sau huɗu, wata rana ta yi magariba raka'a bakwai tana kallon kudu, babanki da farko yana tsayawa a kanta yana gyara mata har ta fusata ta daina, sai wani malami yace masa kai bar ta, wa ya gaya maka ita ake bi bashi. Ki shimfiɗa mata darduma kusa da taki kawai ta bi ki. Abin da ya fi ba ni mamaki ta manta sunana, ta manta ta haife ni, amma in na ja bismillah sai ta ƙarasa Fatiha har amin ba tuntuɓe, carbi kuwa har ta rasu yana hannunta. Azumi ma haka, in ta ce tana yi kar ki yi gardama, in an jima ki kawo kunu ki ajiye za ta sha. Zakka ce dai a mazhabarmu ba ta faɗuwa daga dukiyarta in ta kai nisabi, wakilinta zai fitar.

Wanda ya fi ci min rai shi ne yamma. Da la'asar ta yi sanyi sai Inna ta tashi ta fara naɗe kaya, zan tafi gida, Iya tana jirana ban ɗebo ruwa ba. Iyar da ta rasu tun kafin a haife ni. Likita yace yawancinsu haka suke da faɗuwar rana. Wata rana mun yi sakaci ta fice, muka bazu har an kai cigiya gidan rediyo an gaya wa mai unguwa, sai bayan isha'i wani mai shayi ya riƙo ta daga wajen Ƙofar Na'isa tana tambayar motar garinsu. Daga nan muka ɗinka 'yar takarda mai lambar wayar Yaya a cikin leda a gefen kowane hijabinta, muka sa sakata can sama inda idonta ba ya kaiwa, muka bi maƙwabta da masu shago ɗaya bayan ɗaya muka gaya musu gaskiya. Ɓoyewar nan da muke yi wai rufin asiri ita ke sa a rasa tsoho. Kuma kafin magariba mu kunna fitila, mu ba ta wake ta tsince ko zogale ta gyara, hannunta in yana aiki ba ta neman tafiya.

Sai tambayar Malam. Ta dube ni wani dare tace Malam ya dawo daga masallaci? Kakanki ya shekara 12 da rasuwa lokacin. Ni da tsoron ƙarya nace Inna ai Malam ya rasu tuntuni. 'Yata ban taɓa ganin kuka irin na ranar ba, sabo fil kamar yanzu aka shigo da gawar, tana cewa shi ne ba wanda ya gaya min, ta cire ɗan kunne wai za ta shiga takaba. Da safe ta manta, da daddare ta sake tambaya. Nace wallahi ba zan kashe mata miji kullum ba. Na koma in ta tambaya sai in ce Inna me za a ajiye masa, sai tace tuwon dawa miyar kuka kar a cika yaji, daga nan ta shiga ba ni labarin ranar da aka kawo ta a kan doki da waƙar da ƙawayenta suka yi mata, har barci ya ɗauke ta. Ban yi ƙarya ba ban kuma soka mata wuƙa ba. Labaran da na ji a waɗannan darare ban taɓa jin su ba lokacin tana da lafiya, don kunya ba ta barinta.

Wanka shi ne inda za ki gane me al'adar take karewa, sutura ce. Inna ta yi faɗa ta yi yaƙushi, da farko na ɗauka ƙazanta ce ta same ta, ashe tsoro ne da kunya, wata mata da ba ta gane ba tana tuɓe ta. Sai na koma ba na cire mata zani, ta zauna a kujera 'yar tsuguno da ɗaurin ƙirji, ruwa mai ɗumi, in miƙa mata soso ta fara da kanta ni in yi baya da ƙafa, ina faɗa mata kowane abu kafin in yi, ba a zuba ruwa a ka ba zato. In ta ƙi yau a bar ta a goge da tsumma, ba farilla ba ne. In ta ɓata jikinta kar a kira yara kar a toshe hanci kar a ce haba Hajiya, a ce ruwa ne ya zube bari a canza. Ki sa makintosh a katifa, fo a kusa da gado, a bar fitila a hanyar banɗaki. A yi mata lalle a fesa mata turare a ɗaura mata ɗankwali mai kyau in baƙi za su shigo, kuma kar a riƙa maganarta a gabanta kamar ba ta nan, tana ji, ko ba ta gane kalmar ba tana gane murya. Duk wanda ya ɗauke ta bidiyo tana shirme ya tura group ɗin dangi a WhatsApp wai a ga yadda ta koma, ki ce Gwaggo tace Allah Ya isa. Da hunturu kar a bar mata kaskon wuta a ɗaki a rufe. Can gaba in ta kwanta sai an riƙa juya ta duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya, abinci kuma a zaune, kaɗan-kaɗan, kunu mai ɗan kauri ya fi ruwa tsululu saurin wucewa ba ƙwarewa, amma wannan da saura in sha Allah.

Dukiyarta kuwa ke dai ki cire hannunki kwata-kwata. Katin ATM, kuɗin fansho, takardun gida, gwala-gwalai, su zauna su zaɓi mutum ɗaya a cikinsu ya riƙe da sanin kowa, ana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Kuma kyautar da ta yi a wannan halin ba kyauta ba ce, yau za ta ba ki sarƙa gobe ta ba wata ita ɗin dai jibi tace an sace, in ta ba ki ki karɓa ki gode ki miƙa wa maigidanki a gaban shaida. Na ga gidan da aka dangwala wa tsoho yatsa a takardar fili yana kwance bai san ma wace shekara ake ba, har yau 'ya'yan ba sa gaisawa.

Kika ce a ƙarshen saƙon kina jin tsoron Allah don wani lokaci kina jin haushinta har kina fatan a ɗauke ta daga gidan. Ni na taɓa daka wa Inna tsawa, uwata da ta haife ni, dare na uku ban runtsa ba ta zubar da kunun da na dama sau biyu, nace wai ke me kike so da ni ne. Ta zuba min ido kamar yarinya tace yi haƙuri baiwar Allah, in 'yata ta zo za ta biya ki. Na fita bayan ɗaki na yi kuka har na gode Allah. Rashin barci ne 'yata ba rashin imani ba. Hawan jinin da nake shan magani yau a shekarun nan na same shi. Saboda haka ki nemi kwana biyu a sati da ba ke ce mai kwana da ita ba, ki je gidan mamanki ki yi barci, ki je bikin ƙawarki, kuma ki auna jininki ke ma. In sun ce kin cika son jiki ki ce su zo su kwana uku kawai.

Asabar mai zuwa in Allah Ya kai mu zan shigo motar safe. Ki gaya wa maigidanki ina so ya tara min yayyen nasa bayan azahar, babbar tasu ai tare muka yi makarantar allo ba za ta ƙi zuwa ba, ni zan yi maganar ke ki yi shiru ki kawo ruwa kawai. Kafin nan ki tambayar min ita wane suna ake kiran Hajiya da shi a gidansu tana yarinya, da sunan ƙauyen, da abincin da ta fi so lokacin. Zan taho da daddawa da kuka mai kyau, da kujerar wankan Inna tana nan a ɗakin ajiya ban bayar ba. Ki gaida yaran, ki ce wa ƙaramin in ta kira shi maigida ya amsa.